Shekarar da Na Yanki Katin Ƙwallo

Akwai maganar da kuka daɗe kuna yi a bayan idona, kai Sani da ke Rabi, kuna tsammanin ba ta iso ni ba. Ta iso tuntuni. Kun ce ni na kori yayanku da shiruna, kun kuma ce katin kallon ƙwallon da nake sabuntawa duk shekara nadama ce ta sa na fara yankarsa bayan ya tafi, wai kafin nan rakiya kawai nake yi. Maganar farko ba zan yi gardama da ku a kanta ba, don ni ma har gobe ina juya ta a raina ban ga ƙarshenta ba. Amma ta biyu kuskure ce, kuma ba na so ƙasa ta rufe idona in bar ku da ita. Na yanki katin nan yayanku yana gida, yana cin tuwo a zaure, kuma dominsa na yanka.

Sai na fara muku da abin da kuka raina, wato kunyar ɗan fari. Ku kun tashi a zamanin da uba ke saɓa ɗansa na fari a wuya ya ɗauki hoto da waya, ya nuna wa duniya. Mu ba haka muka tarar ba. Mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayana a bakinsa ba, kuma ranar da yayan nawa ya kwanta ciwo, da idona na ga tsohon ya zaga bayan rumbu yana share hawaye. Haka na gada. An haifi yayanku a ƙauyen kakanninku na wajen uwa, can tsallaken iyaka a ƙasar Maradi, aka yaye shi a can, kakarsa ta riƙe shi, bai dawo hannuna ba sai da gashin baki ya fara tsiro masa. In yana kusa sai in ce masa "kai", in ba ya nan in ce "yaron nan". In ya shigo zaure ina zaune, sai in tuna ina da wani uzuri a waje. Mahaifiyarku ta fi ni ma, ita ko ido ba ta haɗawa da shi. Wanda bai sani ba zai ce ƙiyayya ce, alhali a wurinmu abin da ya fi kusa da zuciya shi ake kawar wa da kai.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da aka rufe boda. Kun san rayuwata kaf a kan hanyar Jibiya zuwa Maradi na yi ta, ina ɗaukar fasinja da tsohuwar motata, har jandarmomin can sun san tarina. Rana ɗaya aka saukar da ƙarfe a Magama, bakin iyaka, aka ce ba shiga ba fita. Da farko mun ɗauka abin na mako ne, muna zama a tasha muna wanke motoci muna dariya. Sannu a hankali dariyar ta ƙare. Masu shayi suka kwashe teburansu, 'yan dako suka watse, ciyawa ta fito a inda ake lodi. Da can in hanya ta ƙi, mutum yakan koma gona, to gonata tana wajen Daddara, kuma a shekarar 'yan bindiga sun hana kowa leƙa ta. Na sayar da motar muka ci. Abin da na riƙe kawai jak ne da safaya da akwatin sifanu, na tura su ƙarƙashin gado, ina cewa in an buɗe hanya zan samu ta wani in ja.

Samarin gari kuwa hanya biyu ta rage musu. Ko dai su ɗauki buhun shinkafa a babur su bi ta daji, a harbe su ko su tsira, ko kuma su nausa arewa, su bi ta Agadas su shiga sahara neman aiki a ƙasashen Larabawa. Yayanku kwandasta ne a motar wani, don ba zai yiwu ya bi tawa ba, shi ma aikinsa ya mutu tare da na kowa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, shi ne ƙwallo. Shi ke tsare raga a ƙungiyar garinmu da muke kira 'Yan Gulbi, saboda a rairayin gulbi suka fara atisaye, kuma yaran gari sun laƙaba masa Katanga. Ni a lokacin ban ɗauki ƙwallo a bakin komai ba. Na sha faɗa a majalisa cewa ƙatti su taru suna bin fata a guje aikin wanda ya ƙoshi ne, kuma na san maganar ta je kunnensa.

Wata rana da hantsi mahaifiyarku tana tankaɗe a tsakar gida, na zo wucewa, sai ta yi magana ba tare da ta ɗago kai ba.

"An ce yaran unguwa na shirin tahiya arewa. An ce har da na gidan nan."

Haka take maganarsa, da "an ce". Na sa kai na fita. Na san hanyar nan, na ɗauki mutane da yawa zuwa Maradi waɗanda daga can suka wuce, kuma na san kaɗan ne na sake ɗaukowa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a gaban bindiga. Ina so yaron nan ya zauna, kuma ba ni da bakin da zan gaya masa.

Na nufi wurin Isuhu. Ku kun san shi da Baba Isuhu mai shayi, amma ni na san shi tun yana ɗan dako, lokacin da ya zo daga Maradi da riga ɗaya ya zauna a tasharmu. Shi kaɗai ne mai gaya mini magana ba ya tauna ta, kuma shi mayen ƙwallo ne, balo yake ce mata irin na mutanensu. Na ba shi labari a kaikaice, na ce wani maƙwabcina ne ɗansa ke son tafiya. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce maƙwabcin nan nawa hancinsu iri ɗaya da ni. Daga nan ya gaya mini cewa 'Yan Gulbi sun samu shiga ƙaramin rukuni na jiha, sun kewaye filin da kwano, sun kafa rumfa da bencina, kuma sun fito da kati na shekara. Wanda ya yanka yana da wurin zamansa a rumfa tun daga wasan farko har na ƙarshe, ba mai tashinsa, da kuɗin ne kuma za su riƙa zuba mai in za su wasa a wani gari.

"Ka yanki kati, Direba," in ji shi. "Yaro in ya ga ubanshi zamne yana kallo nai, ƙahwa tai ba ta ɗaguwa."

Na ce masa ni da furfurata ba zan zauna cikin yara ina ihu ba. Ya ce ai ba a ce in yi ihu ba, zama kawai aka ce. Na tashi ina masifa, na ce ya ji da shayinsa. Amma kwana biyu maganar ta hana ni sukuni, don na ga a cikinta akwai abin da nake nema, wato hanyar da zan yi wa yaron magana ba tare da na buɗe baki ba. Ranar kasuwa na jawo jak da safaya da akwatin sifanu daga ƙarƙashin gado na kai wa wani bakanike. Mahaifiyarku ta ga na fita da su, ta san ma'anar direba ya rabu da sifanunsa, ba ta tambaye ni ba.

Kafin in yanki katin sai da na je filin ni kaɗai da rana tsaka, ba kowa sai awaki. Na shiga rumfar na zauna nan, na tashi na zauna can, kamar mai zaɓen rago. Tsakiya ita ce wurin manya, nan kowa ke so. Amma na lura benci na ƙarshe, wanda ke jikin ginshiƙin yamma, yana kallon raga kai tsaye, har zaren ragar kana iya ƙirgawa, ginshiƙin kuma yana ɗan kare fuskar wanda ya zauna. Na ce a raina nan ne wurina.

Sakataren ƙungiyar wani malamin firamare ne mai fara'a, ya kafa tebur a gindin bishiyar bedi a ƙofar filin. Yana ganina ya miƙe tsaye ya ce ga baban Katanga da kansa, yau ƙungiya ta yi arziki, za a ba ni tsakiya kusa da shugaba, kuma za a sanar a lasifika. Mutane suka fara juyowa. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ji kamar an kama ni da abin wani. Sai na ɗaure fuska na ce masa:

"Malam, ni ba don kowa na zo ba. Isuhu na raka, idonshi ya yi rauni, yana son mai hwaɗa mashi abin da ke gudana. Ka ba mu benci na ƙarshe, in samu ginshiƙin da zan jingina bayana."

Ya ce to, ya rubuta, ya miƙo mini kati ruwan ganye. Na tafi ina jin daɗin dabarata. Idon Isuhu kuwa ya fi na shaho, kuma da na gaya masa abin da na ce, bai yi dariya ba, ya ce wannan ƙaryar ba ta da amfani. Ban saurare shi ba.

Haka na zama ɗan kallo. Duk ranar Asabar in an yi la'asar sai in sa hula in nufi fili, Isuhu na gefena yana koya mini, wannan shi ne satar gida, wancan bugun kusurwa. Mutanen rumfa suka zama kamar 'yan unguwa ɗaya, kowa ya san wurin kowa, in wani bai zo ba a tambayi lafiyarsa. Yawancinmu waɗanda boda ta kashe wa sana'a ne, direbobi da dillalai da masu awo, mun zo mu manta da gida na ɗan lokaci. Filin ba ciyawa, ƙasa ce jajir, ƙungiyar kuma ba wata ta a zo a gani ba ce, yau su ci gobe a lallasa su. Amma ni ba ƙungiya nake kallo ba.

A filin nan na fara ganin ɗana. Ina nufin gani na gaske, don a gida ban taɓa yi masa kallon da ya wuce ƙiftawar ido ba. In ƙwallo ta yi can ɗaya gefen, kowa ya juya, shi kuma ya rage shi kaɗai a bakin raga, sai in saki ido in ƙare masa kallo. Na ga ashe kafaɗunsa irin na mahaifina ne. Na ga yana taɓa ƙarfen raga da hannun dama kafin a fara, bakinsa na motsi. Ranar da na fara jin ya daka wa 'yan bayansa tsawa sai da gabana ya faɗi, don ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, a gabana kullum kansa a sunkuye yake, kuma muryar tsohona ce sak. In ya tashi sama ya cafke ƙwallo, wani daɗi yakan cika mini ƙirji har in rasa inda zan sa kaina. Amma da zarar ya juyo wajen rumfa, kuma yakan juyo sau da yawa, sai in sunkuya in kama jan carbi. In na kusa da ni suka ce, "Direba, ka ga aikin ɗanka?" sai in ce ai ƙwallon ce ta zo masa a hannu.

A gida ba abin da ya sauya. Ya dawo ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Sau ɗaya na ga ya faɗi a kan kafaɗa, washegari na sayo man zafi na ba ki, Rabi, na ce ki kai masa ki ce inji mahaifiyarku. Ashe ita kuma da kika gaya mata, sai ta ce kada ki kuskura, ki ce ke kika saya. Haka yaron nan ya yi ta gode miki a kan man da ba ki san farashinsa ba.

Ana cikin haka rukunin farko na samarin unguwa suka tafi arewa, ba shi a ciki. Na ce alhamdu lillahi, kati ya yi aiki. Isuhu ya ce kada in yi saurin murna, ƙwallo ce ta riƙe shi ba ni ba, in daure ko sau ɗaya in ce masa ya yi ƙoƙari. Na ce masa shiru ma magana ce, yaron ba jahili ba ne, yana ganina a rumfa duk mako, me ya rage kuma? Na yi imani har zuciyata cewa ya gane.

Aka zo wasan ƙarshe na shekara. 'Yan Gulbi sun taka rawar da ba wanda ya zata, in suka ci wannan wasa za su haura rukuni na gaba, shugaban ƙungiya kuma ya yi alkawarin in an haura za a fara biyan 'yan wasa albashi. A wurina wannan ba wasa ba ne, albashin nan shi ne igiyar da za ta ɗaure yaron a gida. Garin kaf ya zo, har a kan katanga da bishiyoyi. Muka ci ɗaya kafin hutu. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba baƙi bugun fanareti, a ragar yamma, wadda ke gabana. Fili ya yi tsit. Na ga ya taɓa ƙarfe, na ga bakinsa na motsi, ni ma nawa yana yi. Aka buga, ya yi tsalle hagu ya doke ta waje. Ban san lokacin da carbina ya tsinke ba.

Aka busa tashi, jama'a suka ɓarke cikin fili suna kiran Katanga, suka ɗaga shi sama. Ina tsugune ina tsintar 'ya'yan carbi sai na ji rumfa ta yi shiru. Na ɗago. Ashe ya zame daga hannun mutane, ya tsallako bencina, ga shi a gabana, jikinsa duk ƙasa da gumi. Ya cire safar hannunsa ta tsaron raga, ya durƙusa, ya miƙo mini da hannu biyu. Duk dattawan rumfa suna kallo, sa'o'ina da waɗanda suka girme ni, sai wani daga baya ya ce cikin raha, yau za a ga ƙarshen kunyar ɗan fari. Aka yi 'yar dariya.

Wallahi hannuna ya motsa. Amma dariyar nan ta riga shi. Abin da aka gina a jikina tun ina yaro ya taso ya riƙe ni, na kawar da fuska wajen Isuhu na ce:

"Amshi mana. Kai aka kawo mawa."

Isuhu ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba, ya sa hannu ya karɓa, ya yi ta sa masa albarka da babbar murya don ya rufe abin da ya faru. Yayanku ya ɗan jima a durƙushe. Sannan ya ce, "A huta lahiya, Baba," ya tashi ya koma cikin jama'a. Dattawa suka yaba mini, suka ce Direba ɗan halak ne, ya riƙe al'ada. Na koma gida da yabon nan yana mini nauyi kamar buhun gishiri.

Haurawar ma ba ta zo da komai ba. Rukuni na gaba yana bukatar tafiye-tafiye masu nisa, hanyoyin ba aminci, ƙungiya kuma ba ta da abin zuba mai, sai aka bar wa wata ƙungiya gurbin, 'Yan Gulbi suka zauna inda suke. Maganar albashi ta bi ruwa. Ba a jima ba, wata safiya bayan na dawo daga masallaci ina zaune a zaure, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, can nesa da ni yadda ya saba.

"Baba, abokaina su Habu za su tahi arewa jibi, ina so in bi su. Amma in ka ce in zauna, sai in zauna."

Bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Kalma ɗaya yake nema, kuma tana nan a kan harshena. Sai dai ku sani ba kunya kaɗai ta hana ni ba. Na dubi zauren, ba mota a ƙofa, ba hatsi a rumbu, ko sifana ba ni da shi. In ce ya zauna ya yi me? Ya ɗauki shinkafa a babur a kawo mini gawarsa? Na ga ba ni da abin da zan riƙe shi da shi sai son da nake masa, shi kuwa ban san yadda ake fitar da shi ta baki ba. Na tambaye shi ko ya sallami mahaifiyarsa, ya ce ya aika Rabi. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ya riƙe salla. Ya ɗan jira ko da saura. Da ya ga babu, ya ce amin, ya tashi. Ta daji suka bi a babur, don haka ko rakiya zuwa Magama ban samu yi ba.

Sauran kun sani. Ya kira Rabi daga Agadas, ya sake kira daga wani gari da ba mu iya faɗin sunansa ba, ya ce za su shiga mota su tsallaka. Daga nan waya ta daina shiga. Wani da ya dawo ya ce motarsu ta lalace a sahara, wani kuma ya rantse ya gan shi yana aikin gini a can. Na bi duk wanda aka ce ya dawo, har Gangara na je wurin wani yaro, ban samo abin kamawa ba. Mahaifiyarku ta hana a yi sadaka, ta ce ba a yi wa mai rai. An buɗe boda, an sake rufewa, an sake buɗewa, motoci sun dawo tasha, shi bai dawo ba.

Ke Rabi, kin tuna ranar da kika kawo mini abinci kika dangwarar, na ce wannan wane irin rashin ladabi ne, sai kika fashe da kuka kika gaya mini abin da ya ce miki kafin ya tafi? Kin ce kin roƙe shi ya zauna, kin ce masa ko don Baba da ke zuwa kallonsa duk Asabar. Sai ya yi murmushi ya ce:

"Ba ni yake zuwa gani ba. Baba Isuhu yake rakawa, shi da bakinshi ya hwaɗa ma sakatare. Shekara guda ina dubawa, ko sau ɗaya bai kalle ni ba."

Ban yi miki faɗa ba a ranar, kin yi mamaki. Ba ni da ƙarfin faɗa ne. Maganar da na yi a gindin bedi don in kare fuskata a gaban mutane huɗu ko biyar, ita ce ta zaga ta isa kunnensa, ya riƙe ta shekara guda, kuma duk abin da na yi a rumfa ya gaskata ta. Na sayar da sifanuna don kati ya yi magana a madadina, ni kuma na toshe wa katin baki da kaina. Baƙin cikin da na ji a ranar bai bar ni ba har yanzu, kwanciya kawai yake yi ya tashi.

Ba zan zagi al'adar iyayena ba, kada ku jira wannan daga gare ni. Mahaifina ya yi wa yayana haka, kuma yayana ya gane, don a zamaninsu kowa ya san karatun shiru. Abin da ban lura ba shi ne, yaron nan ya tashi a lokacin da aka daina koyar da wannan karatu, ni kuma ban iya wani ba. Kai Sani, ranar da ka ɗauki ɗanka na fari a gabana kana kiran sunansa kana masa wasa, matarka tana harararka, na ga ka saci kallona ka ga na yi shiru. Ba fushi na yi ba, kada ka ƙara wannan a cikin lissafinku.

Da sabuwar shekarar wasa ta zo, Isuhu ya iso gida da safar nan a cikin leda, ya ajiye a gabana, ya ce ya gaji da ajiyar kayan da ba nasa ba. Ya ce in tashi mu je mu sabunta kati. Na ce me zan je in gani? Ya ce in yaron ya dawo ranar Asabar, ina nake tsammanin zai fara leƙawa? Na tashi na bi shi. Sakatare ya tambaye ni ko a canza mini wuri, na ce a bar ni inda nake.

Wasan farko sun sa wani sabon yaro a raga, ɗan siriri, yana ta rawar jiki. Bayan hutu ya dawo ragar yamma. Aka ɗago wata ƙwallo daga nesa, irin wadda yayanku ke fita ya cafke tun tana sama, yaron ya tsaya yana kallonta, ɗan gaban baƙi ya taho a guje. Ban san na miƙe ba. Sai dai na ji wata murya ta cika rumfa, muryar mahaifina, tana fita daga bakina.

"Lawali! Hito mata, Lawali!"

Ƙwallo ta shiga raga. Waɗanda suka yi dariya bara a rumfar duk suka sunkuyar da kai. Tun ranar da liman ya raɗa masa sunan nan ban taɓa furta shi ba sai a wannan rana, a filin da ba ya ciki. Isuhu ya kama gefen rigata ya ja ni a hankali na zauna, aka mayar da ƙwallo tsakiya aka ci gaba da wasa.

Yanzu Isuhu ya riga mu gidan gaskiya, gefena wani ne ke zama, idona kuma ya yi raunin da na taɓa laƙaba masa. Duk da haka ban fasa zuwa ba. Katin bana yana aljihun rigata ta Juma'a, safar tana cikin akwatina. In Allah ya dawo da Lawali ba na nan, ba na so ku tsaya yi masa dogon bayani, kuma ba sai kun karanta masa wannan ba. Ku ba shi safarsa, ku ce na karɓa. Sannan ku kai shi rumfa, ku zaunar da shi a benci na ƙarshe jikin ginshiƙin yamma, ya ɗaga kai ya duba da idonsa abin da ake gani daga nan.